Tulu Ɗaya, Moɗa Uku

Ƙarfe ɗaya na dare a Barnawa.
Tun isha'i ruwa ke dukan kwanon rufi,
ni da Ishaya a shagon sama,
janareto na tari ƙarƙashin matakala.

Aikin bai taka kara ya karya ba:
mu shiga shafin dillalin magunguna,
mu ɗebo wa Hajiya Murja farashin gobe
kafin ta buɗe kemis ɗinta na Kakuri.

Na aiki curl, ya ƙwanƙwasa, aka buɗe.
Uwar garke ta miƙo masa kuki,
irin ɗan katin nan
da mai gadin babura ke ba ka a bakin kasuwa.
Ba ruwansa da sunan ubanka,
nuna kati, ɗauki babur.

Na zuba shi a fayil,
na ce wa wget: ga tulu, ɗebi.
Ya zura moɗa, ya fito da ita a bushe.
Ashe curl ya yi wa layin zanen dara a goshi,
nufinsa: wannan na sirri ne, a riƙe da kyau.
Shi kuwa wget, duk inda ya ga zanen nan
sai ya ce surutu ne, ya tsallake.
Shaida ɗaya,
wani ya karanta amana, wani ya karanta shara.

Ishaya ya ce bari in share fayil ɗin,
ya goge layin farko, wai ba ya aikin komai.
Python ya duba, ya rufe ƙofa:
baƙon da bai yi sallama ba
ko ruwa ba ya samu a gidansa.
Muka mayar da sallamar. Ya sake ƙi.

Gida bakwai ne a kowane layi,
tsakaninsu rata mai faɗi, taku guda.
Hannun Ishaya ya mai da ita ƙananan taku huɗu.
A ido, fari fari ne.
Awa guda muna zuba wa babu ido,
muna neman bambancinta da wata babun.

Sai batun sifili a gidan wa'adi.
A bakin curl: yana raye har a tashi daga zama.
A kunnen Python: ya rasu tun kafin a haife mu.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Ƙarfe uku komai ya tashi,
muka sake su tare, don sauri.
Wannan ya rubuta, wancan ya rubuta a kai,
na ƙarshe ya binne na farko,
uwar garke ta ce: su wane ne ku?

An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.
Wanda ya faɗa bai ga fayil ɗinmu ba.

Muka yanke hukunci kamar masu rabon gado:
curl kaɗai ke zuba wa tulu,
saura kowa a tsiyaya masa a kofinsa.
Farashi ya sauko, layi ɗari shida da tara,
ladanin unguwa na gyaran murya.
Na goge fayil ɗin kafin in miƙe,
don duk wanda ya tsince shi, ya zama ni.

Da hantsi na haye gada, kogi ya cika ya yi ja.
Na ajiye babur, na shiga sayen batir,
na fito, na laluba aljihu.
Kati ya bi ruwa.
Malam Gambo ya dube ni, ya dubi idanuna jajaye,
ya ce: ɗauki abinka, ɗan Ladidi,
je ka yi barci.